Filin Tambayoyinku: Kuɗin Karo-karo da Ciyar da 'Yan Makarantun Gwamnati a Amurka

Wasiƙun wannan karon kusan duk a kan abu ɗaya suka zo: asusun da mutanen gari ke haɗawa a Amurka, ana cire tallafi daga ciki ana bai wa makarantun gwamnati don ɗalibai da iyayensu su sami abin kaiwa baki. Yawancin masu tambayar 'yan'uwanmu ne mazauna can, ta ƙarshe ce kawai ta zo daga gida. Mun rage tsawon wasu wasiƙun.

TAMBAYA: Assalamu alaikum. An aiko mana takarda daga makarantar yarana ana neman gudummawa ga wani asusun abinci. Ni dai a sanina gwamnati ce ke ciyar da yara a makaranta. To wannan kuɗin kuma na mene ne? Ko wata dabarar tatsar iyaye ce?
Daga wani magidanci a jihar Ohio

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Gwamnatin tarayya tana ciyarwa, kuma ba yau ta fara ba. Shugaba Harry Truman ne ya rattaba hannu kan dokar abincin rana a makarantu a 1946. Karin kumallo ya shigo a matsayin gwaji a 1966, aka tabbatar da shi a 1975. Yanzu yara wajen miliyan 30 ke cin abincin rana ta wannan tsari a duk ranar karatu. Amma akwai inda hannun tsarin bai kai ba, kuma nan ne kuɗin jama'a ke shiga.

Duba ma'aunin samu. Gidan da abin da ke shigo masa bai wuce kashi 130 cikin 100 na mizanin talauci da gwamnati ke fitarwa duk shekara ba, 'ya'yansa kyauta za su ci. Daga nan zuwa kashi 185 akwai rangwame: ba a cajin yaro fiye da senti 40 na abincin rana, 30 na safe. Wanda ya haura 185, ko da dala ɗaya ce, cikakken kuɗi zai biya. Kuma mizanin nan iri ɗaya ne a jihohi 48, babu ruwansa da bambancin kuɗin haya tsakanin babban birni da ƙauye. Direban da ke da 'ya'ya huɗu, a takarda ya fi ƙarfin tallafi, a aljihu kuwa bayan haya da inshorar mota babu sauran komai. Wasu jihohi sun toshe wannan ƙofa: Kalifoniya da Maine sun fara ciyar da kowane ɗalibi kyauta a 2022, Minnesota da Michigan da Massachusetts da wasu suka bi baya.

Ko a can ɗin ma lissafin kwanaki yana nan. Shekarar karatu kwana 180 ce ko kusa da haka, sauran rabin shekarar yaro yana gida. Daga azahar ɗin Juma'a zuwa safiyar Litinin babu faranti. Sannan farantin na ɗalibi ne shi kaɗai. Ƙaninsa ɗan shekara uku da mahaifiyarsu ba sa ciki. Ma'aikatar noma ta Amurka ta ce a 2023 kashi 17.9 na gidajen da ke da yara sun yi fama da ƙarancin abinci a wani lokaci cikin shekarar.

Kuɗin da ake neman ka bayar yakan shiga hannun ɗaya daga cikin waɗannan: gidauniyar ilimi ta gundumar makarantunku, ƙungiyar iyaye da malamai, ko babbar gidauniyar gari irin wadda aka fara kafawa a Cleveland, nan jiharku, a 1914. Su kuma sai su raba shi ƙanana-ƙanana ga makarantun da suka rubuto buƙata. Ba dole ba ne ka bayar. In za ka bayar, tambayi sunan ƙungiyar da ke riƙe da asusun, ka nemi rahoton bara: nawa aka tara, makarantu nawa suka samu, me aka saya. Wanda ya fara kame-kame a kan waɗannan, riƙe kuɗinka.

TAMBAYA: Takarduna na zama ba su kammala ba, shi ya sa nake tsoron cike fom ɗin abincin makaranta. Yarana uku, kuɗin yana cin mu. Yaya zan yi?
Daga wata uwa a Houston, jihar Texas

AMSA: Hajiya, fom ɗin ba ya tambayar matsayin zaman kowa, na uwa ko na ɗa. Abin da yake nema shi ne sunayen mutanen gida, abin da kowa ke samu, da lambobi huɗu na ƙarshe na lambar Social Security (lambar shaida da gwamnatin Amurka ke bayarwa don aiki da haraji) ta wanda ya sa hannu. In ba ki da lambar, akwai akwatin da za ki yi wa alama cewa babu, kuma wannan ba ya hana yara samu. Tun 1982 Kotun Ƙoli ta yanke cewa makarantar gwamnati ta kowane yaro ce, da takarda ko babu. Sauran tallafi irin su SNAP, wato tallafin gwamnati na sayen kayan abinci, suna da nasu sharuɗɗan, dokokin shige da fice kuma suna yawan sauyawa, don haka a kansu ki ga lauya kafin ki cike komai.

Kurakuran da ke jawo a ƙi fom kusan kullum iri ɗaya ne. Mai albashi zai rubuta abin da ake biyansa kafin a cire haraji, mai sana'ar kansa kuma, kamar mai kitso ko direba, ribar da ta rage bayan ya cire kuɗin da ya kashe a kan sana'ar. Mutane da yawa suna juya wannan. Akwai kuma rikita "duk mako biyu" da "sau biyu a wata": na farko biya 26 ne a shekara, na biyu 24, kuma wannan ɗan bambanci kan tsallakar da gida iyaka. Babban kuskure shi ne mantawa da wasu mutanen gidan. Jariri, kaka, ɗan riƙo, duk wanda kuke ci tukunya ɗaya ki rubuta shi, domin yawan mutane shi ke ɗaga iyakar samun da aka yarda da ita. Kada ki manta sa hannu.

Ana iya cikewa a kowane lokaci cikin shekara, musamman in aiki ya tsaya ko an rage awoyi. Makaranta tana da kwanakin aiki 10 ta ba da amsa. In daga baya aka aiko wasiƙar neman shaidar albashi, kada ki jefa ta a kwandon shara. Wasu fom kaɗan ake zaɓa a bincika duk shekara, wanda bai amsa ba cire shi ake yi. Akwai kuma katin hutun bazara na dala 120 ga kowane yaro da aka fara a 2024, sai dai Texas na cikin jihohin da ba su shiga ba a wannan shekarar. Ki tambayi ofishin makaranta inda ake ba yara abinci kyauta lokacin dogon hutu a unguwarku.

TAMBAYA: Ƙungiyarmu ta zumunta ta tara dala 5,000 a watan azumi. Muna so mu taimaka wa makarantar firamaren da yawancin 'ya'yanmu ke zuwa. Wasu sun ce a dafa abinci a kai, wasu sun ce a raba kuɗin. Ku ba mu shawara dalla-dalla.
Daga sakataren wata ƙungiya a Bronx, New York

AMSA: Alhaji, Allah ya saka da alheri. Maganar dafa abinci a kai ku ajiye ta gefe. Birnin New York yana ba kowane ɗalibi abincin rana kyauta tun 2017, kuma makaranta ba za ta yarda a raba wa yara girkin da aka yi a gida ba. Raba kuɗi hannu da hannu kuma rigima yake jawowa, ga rashin shaidar inda ya tafi. Giɓin da ke gabanku shi ne ƙarshen mako da hutu.

Hanyar da aka fi sani ita ce jakar Juma'a. Asalinta jihar Arkansas ne a 1995, lokacin da wata nas ta makaranta ta nemi taimakon ƙungiyar Arkansas Rice Depot saboda yaran da ke zuwa mata da ciwon ciki da jiri, ta kuma gane yunwa ce. Tun daga nan abin ya bazu a ƙasar. Ana haɗa ƙunshin abincin da ba ya lalacewa, a saka wa yaro a jakarsa ranar Juma'a.

Kafin ku sayi ko gwangwani ɗaya, ku zauna ku yi lissafi. Mu ɗauka ƙunshi ɗaya zai ci dala 6, makonnin karatu kuma 36. Yaro ɗaya ke nan dala 216 a shekara. Dala 5,000 ɗinku yara 23 za ta ɗauka daga Satumba zuwa Yuni. Adadin zai ba ku kunya a gaban taro, wani zai miƙe ya ce a yi yara 60. Yara 60 dala 12,960 suke bukata. In kun fara da su, kuɗin zai ƙare cikin mako na 14, wajen Disamba, daidai lokacin da sanyi ya kankama kuma kuɗin ɗumama ɗaki ke cinye na cefane. Gidan da ya saba da ƙunshin ya riga ya gina kasafinsa a kai. A ganinmu gara 23 har ƙarshen shekara.

Akwai hanyar da kuɗin zai yi nisa fiye da haka. Ƙasar tana da manyan rumbunan abinci na agaji wajen 200 ƙarƙashin babbar ƙungiyar agajin abinci ta Feeding America; a birninku akwai Food Bank For New York City da City Harvest. Ƙungiyar da suka yi wa rajista tana ɗaukar kaya kyauta ko da ɗan kuɗin ɗawainiya, wanda a al'ada bai wuce senti 19 a kan laba ɗaya ba, wato giram 454. Sharaɗinsu: ƙungiya mai rajistar agaji ko wurin ibada, wurin ajiya da za su zo su duba, da mutum ɗaya aƙalla da ya yi horon tsabtar abinci. Illar ita ce abin da suka samu shi za su ba ku, ba abin da kuka zaɓa ba, kuma rajistar kan ɗauki watanni. Masu wayo sukan karɓi na rumbu su cike giɓin da kuɗinsu.

Me ke shiga ƙunshi? Na safe biyu, kamar ƙaramin kwalin hatsin karin kumallo. Na rana ko dare biyu. Madarar kwali da ba ta bukatar firij. 'Ya'yan itace na kofi ko tuffa. Da ɗan abin taɓawa. Ku tuna mai yiwuwa yaron shi kaɗai ne a gida ranar Asabar, uwa tana wurin aiki. Saboda haka gwangwani ya zama mai zoben da ake ja da yatsa, kada a sa kwalba, kuma abin da ke bukatar murhu a rage shi, domin iyalan da ke zaune a gidajen marasa matsuguni galibi na'urar ɗumama abinci kawai gare su. Nauyin kada ya wuce kilo biyu; ɗan shekara shida da ke ɗauke da littattafai zai ajiye abin da ya fi haka a motar makaranta ya yi gaba. Gyaɗa da duk abin da aka yi da ita ku tambayi nas tukuna, akwai yaran da jikinsu ba ya ɗaukarta har ta kai ga asibiti. Ku karanta bayan kowane gwangwani: waken gwangwani na Amurka sau da yawa da naman alade ake haɗa shi, alewa mai danƙo da wasu nau'in yogot kuma suna ɗauke da gelatin. Ku tsara jerin kaya huɗu kuna juyawa, don yaron da ya ga taliya iri ɗaya mako shida a jere zai fara barinta a ƙarƙashin benci.

Sunayen yaran ba za a ba ku ba, kada ma ku nema. Doka ta hana makaranta bayyana waɗanda ke cin abinci kyauta. Jami'ar walwalar ɗalibai, nas da ma'aikatan ɗakin cin abinci su suka san yaron da ke cusa burodi a aljihu ranar Juma'a, ya kuma afka wa karin kumallo ranar Litinin. Su za su zaɓa, su ba ku adadi kawai, su aika wa iyaye takardar neman izini, da Faransanci ma in ta kama. Ku roƙi a ƙirga har da ƙannen da ke gida, in ba haka ba ƙunshin mutum ɗaya biyar za su raba.

Abin da ya fi kashe irin wannan shiri kunya ce. Leda mai tambarin ƙungiya da ake miƙa wa yaro a gaban aji, a kwandon shara za a tsince ta. Leda ta zama marar rubutu, malama ta zura ta cikin jaka lokacin da yara suka fita wasa. Hotuna kuwa a ɗauki na masu haɗa kaya, ban da fuskar yaro ko ɗaya, ko da masu gudummawa sun matsa.

Wata shawara, tunda kun san gidajen da kuke magana a kai. Uwar da ta iya girki, buhun shinkafa ƙarami, man girki, albasa, tumatirin gwangwani da busasshen wake sun fi mata amfani nesa ba kusa ba fiye da ƙananan kwalaye masu tsada. Ku ware kashi ɗaya cikin uku na kuɗin don irin wannan ƙunshin na gida kafin hutun Nuwamba, na Disamba da na bazara, ku rage yawan jakunkunan Juma'a daidai da haka.

TAMBAYA: Ina cikin ƙungiyar iyaye da malamai. Muna so mu buɗe ɗakin ajiyar abinci a makarantar sakandare, mun rubuta neman tallafi sau biyu ba mu dace ba. Ina matsalar take?
Daga wata malama a jihar Maryland

AMSA: Malama, kun zaɓi abin da ya dace da sakandare. Saurayi ɗan shekara 15 ba zai karɓi leda daga hannun malami ba, amma zai shiga ɗakin da ƙofarsa ba ta kallon farfajiya ya ɗauki abin da yake so, musamman in akwai sabulu, man goge baki da audugar mata a ciki, ta yadda babu mai sanin abin da ya kai shi.

Ba mu ga takardunku ba, amma masu tantancewa abubuwa kaɗan suke dubawa. Da farko, shin kun nemi abin da asusun ke biya? Wasu kayan aiki kawai suke saya, wasu abinci kawai, yawancinsu kuma ba sa biyan albashi. Wanda ya nemi firij daga asusun abinci tun a shafin farko ya faɗi. Sai wasiƙar amincewar shugaban makaranta, da shaidar cewa kun yi magana da mai kula da abinci na gunduma. Sai alƙaluma na makarantarku, ba na ƙasa baki ɗaya ba: ɗalibai nawa, kashi nawa suka cancanci abinci kyauta ko rangwame. Wannan adadin a fili yake, ofis zai ba ku. Za ku iya ƙarawa da ɗan bincike marar suna mai tambaya biyu, irin wanda asibitocin yara ke amfani da shi: cikin wata 12 da suka wuce, kun taɓa fargabar abinci zai ƙare kafin kuɗi su zo? Ya taɓa ƙarewa babu kuɗin sayen wani?

Kasafi shi ne inda aka fi zubewa. "Abinci, dala 3,000" ba kasafi ba ne. Ku rubuta gidaje nawa, sau nawa a wata, laba nawa kowane zuwa, a kan nawa. Ma'aunin da ake amfani da shi a wannan fanni shi ne laba 1.2 daidai da ci ɗaya, da shi za ku juya nauyi zuwa adadin faranti. Sannan ku amsa tambayar da ke zuciyar kowane mai bayarwa tun kafin ya yi ta: wa ke riƙe da makulli, wa zai maye gurbinsa in ya bar makarantar, da me za a ci gaba in tallafin ya ƙare.

In kun samu, ga abin da ke lalata kaya. Komai ya hau kanta, aƙalla inci shida daga ƙasa, nesa da bango da sinadaran wanki. Sabon kaya ya koma baya, tsoho ya dawo gaba. Firij kada ya haura digiri 41 a ma'aunin Amurka, wato 5 a namu. A saka ma'aunin zafi a ciki, a rubuta safe da yamma a takardar da ke manne a ƙofa. Ku sa alama a soket ɗinsa, domin mai shara kan zare shi ya jona injinsa ya manta, ranar Litinin a tarar da madara ta yi tsami. Kafin dogon hutu a kwashe komai. Kwanan watan da ke jikin kaya yawanci na inganci ne ba na haɗari ba, madarar jarirai ce dokar tarayya ta wajabta wa kwanan wata, ita kam in ya wuce a zubar. Gwangwanin da ya kumbura, ya yi tsatsa ko ya lotsa a bakin ɗinki shi ma a zubar. Mai shagon da ke tsoron ba ku kaya kada a kai shi ƙara, ku nuna masa dokar Bill Emerson ta 1996, wadda ke kare mai bayar da abinci da kyakkyawar niyya.

In tallafin ya haɗa da katin sayayya na shago, ku rubuta lambar kowane kati, mutum biyu su sa hannu a shigarsa da fitarsa. Kati kuɗi ne, kuma shi ke fara ɓacewa daga durowa.

Ku kuma duba ko ɗalibanku suna cin karin kumallon da gwamnati ta riga ta biya. A makarantu da yawa ana ba da shi kafin a buga ƙararrawa, motar makaranta kuma tana isowa a makare. Keken tura abinci da jakunkunan riƙe sanyi, a ajiye a bakin ƙofa yaro ya ɗauka ya wuce aji, sau ɗaya ake sayensu, abincin kuma tarayya ke biya kullum. Shirin agaji na No Kid Hungry, mai yaƙi da yunwar yara, ya daɗe yana ba da tallafin irin waɗannan kaya. Da wuya a sami inda dalar jama'a ta fi yin aiki kamar nan.

TAMBAYA: Na ga ana tara kuɗi a intanet don biyan bashin abincin ɗalibai. Yana da amfani kuwa?
Daga wani ɗalibin jami'a a Minnesota

AMSA: Yana da shi, ɗan'uwa. Bashin yana taruwa ne a kan yaran da ke cin abinci asusunsu babu kuɗi, kuma in ya zama wanda ba za a iya karɓowa ba, doka ba ta yarda a goge shi da kuɗin tarayya ba; sai gunduma ta ciro daga aljihunta ko wani ya biya. A da wasu makarantu kan karɓe farantin yaro su ba shi burodi da cuku, har jihar New Mexico ta fara haramta irin wannan tozarci a 2017. Sai dai biyan bashi ba ya hana sabo taruwa. Mai biya ya sa sharaɗin a bi gidajen a taimaka musu cike fom, domin da yawansu sun cancanci kyauta tun farko.

Ka kuma kula da hannun da kuɗin ke bi. A jiharku aka tara sama da dala 200,000 a intanet da sunan Philando Castile, ma'aikacin ɗakin abincin wata makaranta a St. Paul da ɗan sanda ya harbe a 2016, wanda aka sani da biya wa yara daga aljihunsa. A 2021 babban lauyan jihar ya kai wadda ta shirya tarin ƙara kan cewa mafi yawan kuɗin bai isa makarantu ba, aka sasanta a kan za ta mayar da dala 120,000. Ka kira ofishin abinci na gunduma ka biya kai tsaye, ka karɓi rasit. Masu son kafa nasu asusun kuma su yi rajistar 501(c)(3), wato rajistar ƙungiyar agaji a hukumar haraji, ko su shiga inuwar wata ƙungiya mai rajista da za ta riƙe musu kuɗi ta cire ɗan kaso. Ƙaramar ƙungiya ma sai ta aika wa hukumar haraji bayani duk shekara. Shekara uku a jere babu, rajistar ta mutu da kanta.

TAMBAYA: Ni ɗan kwamitin al'umma mai kula da makaranta (SBMC) ne a wata firamare. Tsofaffin ɗalibai suna so su riƙa ciyar da yara 200. Akwai abin da za mu ɗauka daga tsarin Amurka?
Daga wani dattijo a Zariya

AMSA: Baba, lissafin da riƙon amanar za ku ɗauka, jakar gwangwani kuwa ku bar musu. Bambancin shi ne can kuɗin jama'a ciko ne a kan abin da gwamnati ke yi kullum. A nan shirin ciyarwa na tarayya da aka fara a 2016, naira 70 kan kowane yaro 'yan aji ɗaya zuwa uku, daga baya 100, ya sha tsayawa, aka kuma dakatar da shi a farkon 2024. Ke nan tukunyar gaba ɗaya a wuyanku take, sai ku auna ƙarfinku.

Ku yi lissafi da awo, kada ku yi da naira, don farashi ba ya zama wuri ɗaya. A ce kowane yaro giram 100 na shinkafa, 30 na wake, 10 na mai, da ɗan gishiri mai sinadarin aidin. Yara 200 sau uku a mako faranti 600 ke nan. Zangon mako 12 faranti 7,200. Wannan shinkafa kilo 720 ce, wato buhu 15 masu kilo 50. Wake kilo 216. Mai wajen lita 80. Gishiri kilo 20 da ɗoriya. Ban da itace, ruwa, kayan miya da ladan masu girki, waɗanda su ake mantawa a kasafi. Ku ƙara kashi 15 a kai, domin ranar da labari ya bazu yaran da suka daina zuwa za su dawo, har da ƙannensu. A raba abincin lokacin tara bayan an kira suna, kada a yi da sassafe.

Ku karɓi gudummawar hatsi da kaka, ku sayi sauran a lokacin, tunda zango na uku yana faɗawa ne daidai lokacin da rumbuna suka yi ƙasa kaya suka yi tsada. Wake ya bushe sarai, a zuba shi a buhun PICS, wato buhun adana hatsi mai riɓi uku, a matse iska a ɗaure kowane riɓi daban. Babu bukatar maganin ƙwari, kuma kada a kusantar da shi ga abincin yara. Buhuna su hau katako, kada su jingina da bango. Asusun banki ya zama da sunan ƙungiya, mutum biyu cikin uku su sa hannu, makullin sito biyu a hannu biyu, a kuma manna abin da ya shigo da abin da ya fita a allon makaranta duk ƙarshen wata. Kuɗin zakka a ware shi daban a miƙa wa gidajen da suka cancanta bisa shawarar malamai, tukunyar da kowane yaro ke ci kuma a riƙe ta da sadaka da karo-karo. In abin da ke hannu bai kai na kwana uku a mako ba, ku fara da biyu, Litinin ta zama ɗaya daga ciki.